Dawa Iri-Iri a Faifan Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To Barmani, saki wuyan rigar ƙanenki Tanko ki zauna. Wata shekara dabbobin daji suka yi wauta. Kaf ɗinsu suka shuka dawa iri ɗaya, mai son ruwa da yawa, sai Damina ta zo gajera ta ɗauke da wuri. Dawa ta bushe a tsaye. Maimakon su ga laifinsu, sai suka bi Damina da zagi, Kura har da kiranta marowaciya. Damina kuwa tsohuwa ce mai zuciya, kamar ni. Ta naɗe gajimarenta ta koma bayan dutse, ta aiko Shamuwa da saƙo cewa ba za ta ƙara taka ƙasarsu ba sai an kai mata dawa iri-iri. Sau uku ta yarda a gwada. In an kasa, kowa ya nemi inda zai sha ruwa.

Zaki ya tara jama'a ya ce duk wanda ya dawo da Damina, tozon sa guda nasa ne. Gizo na jin tozo ya yi wuf ya miƙe, da tsamin bakin nan nasa. "Yanka ya daɗe, dawa iyi-iyi? Ai ƙayamin aiki ne."

Shi a haukarsa iri-iri na nufin da yawa. Ya share ɗan abin da ya rage a rumbun Zaki, ya labta wa Jaki, suka nufi bayan dutse. Damina ta tsoma hannu a wannan buhu, ta tsoma a wancan, ta ce duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Yawa ya kawo, ba iri-iri ba. Saura biyu.

Gizo ya dawo yana cewa yanzu ya gano bakin zaren, abubuwa dabam-dabam tsohuwar take so. Ya tsinci albasa, da gashin zabuwa, da tsakuwa, da ƙahon akuya, ya ɗora zangarniyar dawa ɗaya a kai. Damina ta yi dariya har aka ji rugugi a gari. Ta tambaye shi yaushe albasa ta shiga dangin dawa. Ta ce wannan sunansa tarkace. Saura ɗaya.

Hankalin kowa ya tashi. Rijiyoyi sun ƙafe, 'ya'yan Barewa ko tsayuwa ba sa iyawa. Ƙoƙi matar Gizo tana da wasu 'yan goruna rataye a ɗakinta, kowanne da ɗan tafin dawa cikin toka, ta hana kowa taɓawa ko da yunwa ta yi yunwa. Gizo ya sha yi mata gori a kansu. Ran nan ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce ta yi masa shiru, maganar manya ake yi.

Sai ya kasa dawarsa kashi uku. Ya turmusa ɗaya a jar ƙasa, ɗaya a gangamau, ɗaya a garin gawayi, ya jera a faifai gwanin sha'awa. Dabbobi suka raka shi da kiɗa. Ƙoƙi ta bi su a baya da nata faifan a rufe, ba wanda ya ko kalle ta.

Damina ta dubi faifan Gizo. Yayyafi kawai ta ɗan saki. Ja ya zube, rawaya ta zube, baƙi ya zube, ga dawa nan iri ɗaya tana kallon kowa. Makaɗa suka ajiye ganguna. Damina ta miƙe za ta ja ƙofa.

Nan Ƙoƙi ta durƙusa. "Inna, na san gwaji ya ƙare. Ni gaisuwa na kawo miki."

Kun san ba a mayar da hannun mai gaisuwa, ko da fushi ake. Damina ta tsaya, Ƙoƙi ta buɗe faifai.

"Wannan farafara ce, ta mahaifiyata, tana son ki daɗe. Wannan kaura ce, gwaggona ta ba ni. Wannan ja, daga gidan biki na ƙullo ta a bakin zane, ko a tsandauri tana yi. Wannan 'yar ƙaramar kuwa, ko kin yi gaggawar tafiya, ta riga ta nuna."

Damina ta saki yayyafi, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Fara tana nan fara, ja tana nan ja. Sai tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Wannan shi ne iri-iri. Duk dawa ce, amma kowace da kamarta da halinta. Ni ma haka nake, bana doguwa, baɗi gajera, kuma duk ni ce. Wanda ya tare ni da iri ɗaya, kansa zai zaga."

Kafin su kai gida hadari ya haɗo. Ƙoƙi ta raba wa kowane gida 'yan ƙwayoyi daga kowane gora, ita kuma Zaki ya miƙa mata tozo a gaban jama'a. Gizo ya bi gari yana cewa ai shi ya koya mata. Ta zuba masa romo, ta cinye tsokar.

Ina alfahari da Ƙoƙi, wallahi, don tamu ce. Darasin shi ne, yawa ba shi ne iri-iri ba, tarkace ma ba shi ba ne, kuma rini ba ya sauya hali. Gorunan nan da ke rataye a ɗakina, waɗanda Tanko yake harbi da danƙo, daga hannun kakata suka fito, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba.

Ƙurungus kan kusu. Kusun ma iri-iri ne, ku tashi kafin na gidan nan ya ja muku yatsa.