Saniyar da Ta Kori Buzuzu

An yi wata farar Saniya mai jin kanta a wani garke. Ko tusa ta ƙwace mata, sai ta waiga ta harari Akuya. A gindin turkenta kuma akwai Buzuzu, mai aiki ba hutawa, amma bakinsa ba linzami. Kullum da safe shi ke mulmula kashinta ya gangara da shi rami.

Wata safiya Balbelu suka kawo wa Saniya ziyara cikin fararen kaya. Ana tsakiyar gaisuwa sai Buzuzu ya ɗago kai.

"Hajiya, me kika ci jiya? Kashin nan naki duk ruwa ne, ya ƙi mulmuluwa."

Akuya ta yi dariya har ta ƙware. Saniya ta ce ba a taɓa ci mata mutunci irin na yau ba, ita a gidansu ko sunan abin ba a kamawa. Ta kore shi, ta ce kada ya sake taka mata wuri.

Lokacin damina ne, ita kuma a ɗaure take. Cikin kwana bakwai abin ya taru har ya rufe mata ƙafafu. Ƙudaje suka yi sansani, Balbelu suka daina zuwa, kofatonta na baya ya fara ruɓewa. Akuya ta ce in ya ƙarasa ruɓewa, mahauci ne zai zo dubiya.

Dole ta aika aka kira Buzuzu. Ya zo ya tsaya nesa.

"Me zan kwashe, Hajiya?"

Ta ce abin nan. Ya ce abubuwa da yawa ne a garke. Ta ce to, bayan gida. Ya ce shi bai iya Hausar manya ba, sunan da ya gada wajen kakansa kaɗai ya sani, kuma kunnensa ya yi nauyi kwanan nan.

Saniya ta dubi kofatonta, ta runtse ido.

"Kashi! Kashina ne, don Allah ka kwashe!"

Zakara na kan danga. Kafin azahar har kajin maƙwabta sun haddace.

Darasin wannan labari shi ne, gyara baki abu ne mai kyau, amma kada ka wulaƙanta mai kwashe maka ƙazanta don ya kira ta da sunanta. Daga jikinka ta fito, ba daga bakinsa ba.