Kurumtar Sarkin Tasha

An ce wai a wani gari na bakin babbar hanya an yi wani Sarkin Tasha mai suna Malam Sallau, dattijo mai sanyin magana, wanda ya shekara talatin yana tuƙa tasi kafin direbobi su naɗa shi shugabansu. Al'adar tasharsa ita ce kowane direba ya rataye makullin motarsa a rumfar Sarki da yamma, da safe ya zo ya gaishe shi ya karɓa.

A cikin direbobin akwai Ilu, ɗan amininsa marigayi, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi. Ilu mutumin kirki ne, ga fara'a, ga iyali, ga tsohuwarsa yana riƙo. Sai dai tun rasuwar mahaifinsa ya faɗa wa kwalba a ɓoye. Yakan ɗan kurɓa da sassafe, ya tauna kanumfari a kai don ya kashe warin. Ana nan sai hukumar ƙasar ta kafa doka: duk direban haya da aka kama da giya a jikinsa, ko ɗigo ne, a karɓe lasisinsa, a kuma shelanta sunansa a tasha.

Ran nan Barau, sakataren direbobi, ya keɓe da Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya na shiga motar Ilu. Sau biyu yana sakin hannunsa a kan titi, na kuma ji warin abin. In ka yi shiru, ran da ya zubar da bayin Allah a rami, alhakin yana wuyanka. Mu miƙa sunansa."

Zuciyar Malam Sallau ta yi nauyi, don wallahi yana son Ilu kamar ɗan cikinsa. Ya san in aka shelanta sunan, Ilu ya gama ɗaga kai a garin nan, baƙin ciki kuma ba zai bar tsohuwar ba. Ya kuma san rayukan fasinja amana ce. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Barau. Amma abin da doka ke nema shi ne kada mashayi ya riƙe sitiyari. Ka ba ni wata guda. In ya ɗauki ko mutum ɗaya da giya a cikinsa, ni da ƙafata zan kai sunansa."

Gari na wayewa sai Sarki ya tashi da kurumta! Direba ya gaishe shi daga bakin rumfa, sai Sarki ya kama kunne ya ce, "Iye? Matso, ɗana, tsufa ya toshe mini kunnuwa." Ba mai samun makulli sai ya durƙusa, ya kai bakinsa dab da fuskar tsohon, ya faɗi sunansa da garin da za shi. Direbobi na ta tsokanarsa, wai ƙarar hon ta shekara talatin ce ta tashi ramuwa.

Da Ilu ya durƙusa, Sarki ya shaƙi kanumfari, ya shaƙi abin da ke ƙarƙashinsa. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya riƙe hannunsa ya ce da ƙarfi, "Yauwa, ɗan aminina! Yau kai ne kunnena. Zauna nan, duk wanda ya zo da magana ka faɗa mini."

Ilu ya ce, "Baba, layina ne fa, an kusa gama lodi."

"Iye? Godiya? Ba komai, zauna."

Haka Ilu ya yini a kan tabarma, wani ya ja fasinjojinsa. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Mutane kuwa cewa suke, kai, dubi yadda Sarki ya ɗaukaka yaron nan. A kwana na huɗu Ilu ya ƙule, ya ce a kunnensa, "Baba, lafiyata ƙalau, na san iya gwargwadona." Sarki ya ce, "Shayi? To, a kawo mana biyu." Da shayin ya zo hannun Ilu na rawa har yana zuba. Tsohon ya ga Ilu na kallon hannun nasa, sai ya kau da kai, ya bar shi ya gani da kyau.

A kwana na shida Ilu ya durƙusa, babu kanumfari, babu komai. Sarki ya miƙa masa makulli. Bayan mako guda warin ya dawo, tabarma ma ta dawo, ba faɗa, ba gori. Daga nan warin bai sake dawowa ba. Wata ya cika, Barau bai ƙara ta da zancen ba.

Wata safiya, rumfa ba kowa, Ilu ya karɓi makullinsa ya nufi mota. Har ya kai bakin rumfa sai ya tsaya, bai juyo ba, ya ce can ƙasa-ƙasa, yadda ko mai lafiyar kunne sai ya kasa kunne, "Allah ya rufa maka asiri, Baba, kamar yadda ka rufa mini."

Tsohon kurman, yana can ƙurya yana jan carbi, ya ce, "Amin, ɗana. Ka gaida tsohuwa."

Ilu ya sa hannun riga ya share idonsa, ya shiga mota.

Daga nan masu hankali suka ce: shugaba nagari yakan karɓe makulli daga hannun mai laifi, ya bar masa mutuncin da zai dawo ya karɓa da shi.