Rantsuwar Alhaji Ɗantsoho

Ke, rufe min baki! Har tambaya kike me iya magana ke tsinana wa mutum? Ni da ban taɓa taka aji ba ma na sani.

Alhaji Ɗantsoho mai makarantar unguwarmu ya so korar Malama Hajo don ya ba ƙanin matarsa gurbinta. Ya tara iyayen yara, ya kira ta.

"An ce a darasin karatu kina koya wa yara kalmomin shawo kan mutum, su 'don girmanka' da 'ka duba dai'. To, su roƙe ni abu ɗaya. In na yi, kin zauna. In na ƙi, tattara komatsanki. Kuma na rantse, ko ruwa suka roƙa ba zan ba su ba."

Da aikin nan Hajo take ciyar da marayunta. Amma ta dake.

"Kowane abu, Alhaji?"

"Kowane!"

Ta shiga aji, ta fito da yaran, suka durƙusa.

"Baba Alhaji, don girmanka, ka duba dai, ka kori Malama Hajo!"

Kafin ya buɗe baki Hajo ta riga shi.

"In ka kore ni, sun shawo kanka, na zauna kenan. In ka ƙi roƙonsu, ai korata ka ƙi. Wanne ka ɗauka, ranka ya daɗe?"

Iyaye suka bushe da dariya. Alhaji ya miƙe wai zai tafi sallah, ga shi ko hantsi bai dubi ludayi ba. Har yau Hajo na ajinta.

Maza kowa ya hau tabarmarsa. Wanda ya roƙi ƙarin labari, muciya ce amsarsa!