Sallau da Kyamarar Tashar Jirgi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Sallau ake kiransa. Ku saurara, 'yan'uwa, don ni ba malami ba ne, uba ne kawai irinku, kuma labarin nan ya taɓa gidana.

A garin akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya daina zuwa tun da daɗewa, amma an bar wani tsohon kan jirgi mai cin kwal da tarago uku. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suka ce ba za su zuba ido ya ruɓe ba. Suka haɗu, ba albashi ba lada sai na Allah, suna gogewa, suna zuba mai, ran Asabar su hura masa wuta ya kai mutane bakin gada ya dawo. Sallau yana cikinsu. Da can shi mai ba da tuta ne, kuma ya haura saba'in.

Duk cikinsu mutum ɗaya ne ya san cikin injin nan, Baba Nadabo, tsohon direbansa. To ciwon ƙafa ya kwantar da shi a gidan 'yarsa, can wani birni mai nisa. Sai aka kafa kyamarori a tashar aka haɗa su da intanet. Jama'a suna kallo daga ko'ina, amma babban amfaninsu shi ne Baba Nadabo. Duk ran Alhamis za a tayar da inji a gwada birki, shi kuma yana kwance da waya a hannu yana gani, yana ji. In ya ce a tafi, a tafi. In bai ce ba, jirgi ba ya motsi. Haka suka tsara.

Wata damina aka shirya kai 'yan firamare sittin bakin gada. 'Yata Saude tana ciki. Sati biyu ba mu da wata hira a gida sai ta jirgi. Ni kuwa kun san ni, ko kasuwa aka aike ta sai na tsaya a ƙofa har ta dawo.

Ran Talata aka yi ruwa da iska, intanet ɗin tashar ya ɗauke. Kyamarori suna nan a maƙale, amma ba abin da ke fita. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce sai an kawo wani abu daga birni, kwana goma.

Shugaban tsofaffin ma'aikatan, Alhaji Ubale, ba mugun mutum ba ne. Kunya yake ji. An buga takardu, iyaye sun sa hannu, hedimasta ya gayyaci baƙi. Ran Alhamis da safe aka gwada inji, shi dai bai ji komai ba, sai ya tara su ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Akwai hoton gwajin watan jiya a ajiye. In na je gida zan tura wa Baba Nadabo in ce na yau ne, ya sa mana albarka."

Sallau ya ce, "Alhaji, na yau ne?"

"Inji ɗaya ne, Sallau. Wata ɗaya zai sa ya tsufa?"

"Ni dai tambaya na yi. Na yau ne?"

Alhaji Ubale ya yi dariya. "Kai wannan tsoho! Kai da ko kunna waya sai jikanka ya taimake ka, yau kai ne injiniya?"

Aka kwashe da dariya, har shi Sallau ya murmusa. Sannan ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga wa Nadabo koriyar tuta. Ko sau ɗaya bai taɓa sauka ya duba layi ba, don ya san in ban taka da ƙafata na gani ba, ba zan ɗaga ba. Yanzu da yake kwance zan fara yi masa ƙarya?"

"To me kake so a yi?"

"A sake tayar da inji. Ni zan kai masa na yau."

Ku saurara da kyau. Tashar tana cikin kwari, ko kiran waya ba ya shiga sosai. Sai an hau wani tudu bayan makabarta, tafiyar rabin awa a keke, sannan ake samun sabis. Sallau ya riƙe 'yar wayarsa, ya bi jirgin nan daga kai har gindi yana ɗauka ana taka birki. Ya hau keke cikin taɓo ya tafi. Ya tsaya a rana, hoto yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, har ya isa.

Baba Nadabo ya kira shi. "Sallau, rabin abin da ka ɗauko takalminka ne. Koma."

Ya koma. Ya sake ɗauka, ya sake hawa tudu.

"Yanzu na gani. Amma akwai abin da kunnena bai so ba wajen tarago na biyu. Koma ka kara wayar a ƙarƙashinsa, kada kowa ya yi magana."

Ya koma ya ɗauka karo na uku. Mutum mai saba'in, jama'a! Ya durƙusa cikin laka ya kara waya. Da ya isa tudu la'asar ta wuce, ƙafafunsa sun kumbura.

Baba Nadabo ya saurara ya ce, "Tiyon birki ya tsage ta ciki. In ba kowa a jirgi, zai riƙe. In aka cika shi da mutane, a gangaren gada ba zai riƙe ba. Kada ya tashi."

Aka ɗage tafiya. Zan faɗa muku gaskiya, ina cikin iyayen da suka je tashar ran Asabar suna faɗa. Saude ta yi kuka har ta ƙi cin abinci, aka ce min wani tsoho mai taurin kai ne ya hana. Na same shi zaune a benci ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, na ce, "Baba, ba ka ji tausayin yaran nan ba?" Bai yi musu ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ka ba 'yarka haƙuri."

Alhaji Ubale ne ya ja hannuna zuwa bayan ofis, ya ɗora min tiyon da aka ciro. Daga waje sumul. Ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga, yatsana biyu suka shige. Ya ce, "A kan wannan na so in ɗora 'yarka." Allah ya saka masa, bai ɓoye laifinsa ba. Ni dai sai na zauna a ƙasa.

Na koma wajen Sallau zan yi godiya. Shi kuwa cewa ya yi, "Allah za ka gode wa, sai kunnen Nadabo. Ni keke kawai na tuƙa."

Bayan sati biyu aka yi tafiyar, aka dawo lafiya.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi. Idan wani ya dogara da maganarka, kada ka ba shi labarin jiya ka ce na yau ne. Abin da ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba, ko za a yi maka dariya, ko za a zage ka. Kai bakanike, da ka ce wa mai mota birki lafiya, ka taɓa shi yau? Kai mai kemis, ka karanta kwanan watan da ke jikin maganin? Kai uba irina, da aka tambaye ka halin ɗanka ka ce lafiya lau, yaushe rabon da ka zauna da shi? Akwai 'ya'yan mutane a bayan kowace "lafiya lau" da muke faɗa.

Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri, ya ba mu ƙarfin tashi mu je mu duba. Ku ce amin.