Mutumin Da Ya Ƙi Cewa "Mun Yafe"

An yi wani mutum a zamanin da, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Mantau. Baduku ne, bawan Allah mai ɗinkin takalma da gafaka. A zauren wani attajiri, Alhaji Gambo, yake shimfiɗa buzunsa ya yi aiki, ɗakin da yake zaune da iyalinsa ma na Alhajin ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mantau yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Shekarau, ɗan ga-ruwa. Kullum ta lungun bayan gidan Alhaji yake bi zuwa rijiya. To, katangar da ke wannan lungu ta daɗe da karkata, damina ta cinye gindinta. Magini ya faɗa wa Alhaji. Ladanin unguwa ya faɗa masa. Shi Mantau da kansa ya durƙusa ya faɗa. Amsar kullum ita ce, "Bari ruwa ya ɗauke." Ruwa ya ɗauke, aka ce bari a gama girbi. Kun dai san irin wannan barin, a gidajenmu ma akwai shi.

Wata safiya Shekarau ya ɗauko ruwa ya shiga lungu, katanga ta rufto masa. Da hannu Mantau ya riƙa tonon ƙasa, yana kiran sunan ƙanensa. Abin da ya fara cin karo da shi takalmi ne, wanda shi ya ɗinka masa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarau ya bar mata, Tabawa, da 'yan mata ƙanana biyu, da tsohon ciki.

Ranar sadakar uku dattawa suka cika ƙofar gida. Alhaji ya zo da buhun gero, ya zauna ya sunkuyar da kai. Liman ya gyara murya ya ce, "Mantau, kai ne babba. Abin da ya faru ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Alhaji kuma ubangidanka ne. Ka ce kun yafe, a shafa fatiha."

Daga cikin gida ana jiyo ƙaramar yarinyar tana tambayar uwarta yaushe Baba zai dawo daga rijiya. Sai Mantau ya ce, "Allah gafarta Malam, na yafe."

Liman ya ce, "Madalla! Kun yafe ke nan."

Ya ce, "A'a, Malam. Cewa na yi na yafe. Ni kaɗai. Abin da nake da shi a jinin ƙanena na bar wa Alhaji duniya da lahira. Amma yaran nan ba su aiko ni ba. Na ciki ma bai zo ba, balle ya yi magana. Da wane baki zan ce mun yafe?"

Ku saurara, jama'a. Tsakanin "na" da "mun" ko numfashi guda babu, amma a nan aka gwada mutumin nan.

Wuri ya kaure. Wani ya ce ashe Mantau bai yarda da ƙaddara ba. Wani ya ce kuɗin jini yake so ya ci. Wani ya ce butulu, mutumin da ya ba ka wurin kwana! Aka watse ba a shafa fatiha ba. Kafin sati ya zagayo Alhaji ya aiko a ce wa Mantau yana bukatar zaurensa da ɗakinsa. Mantau ya naɗe buzu, ya kwashe iyali suka raɓa a gidan mamacin, shi kuma ya koma gindin wata tsamiya a bakin kasuwa. Masu kawo masa ɗinki suka janye. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa masa a ciki-ciki.

Abin ya dame shi, har ya soma zargin kansa. Sai ya je ya tsaya a bakin ɗakin Tabawa, tana cikin takaba, ya ce, "Tabawa, ko na yi kuskure ne?"

Ta bayan labule ta ce, "Yaya, tun da aka yi rasuwar nan kai ne mutum na farko da ya tambaye ni wani abu." Kuka ya ci ƙarfinta. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye.

Mantau bai san shari'a ba, bai taɓa taka ƙofar alƙali ba. Aka kwatanta masa wani tsoho, Malam Zubairu, wanda ya yi aikin muhuti, wato mai taimaka wa alƙali da duba hukunci, har idonsa ya tafi. Talakawa na zuwa wurinsa ya nuna musu hanyar ƙara, ko goro ba ya karɓa. Malam ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ƙaddara gaskiya ce, diyya ma gaskiya ce, Ubangiji ɗaya ne ya saukar da su. Wanda aka gargaɗa a kan katangarsa ya yi sakaci har ta kashe rai, akwai hakki a kansa. Baligi yana iya barin rabonsa. Rabon maraya kuwa, ba kawu, ba liman, ba wanda ya isa ya kyautar da shi. Amma ka sani, in cikin nan ya zo namiji, kai ko zare ba ka da shi a ciki."

Mantau ya ce, "Allah ya kawo namijin, Malam."

Tsohon nan ya koya masa yadda zai yi magana, ya ce ya nemo waɗanda suka gargaɗi Alhaji. Magini ya fara noƙewa, don Alhaji ne mai ba shi aiki, daga baya ya ji tsoron Allah ya zo. Ladan ma ya zo. Ranar zama, Malam Zubairu ya dafa kafaɗar Mantau suka ratsa kasuwa har gaban alƙali, mutane na nuna su da baki. Alƙali ya ji shaidu ya yanke diyya. Aka jira Tabawa ta sauka. Ta haifi namiji, ana kiransa Audi, kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da ubansa ba. Aka ba marayu gona da shanu a matsayin diyyar, alƙali ya sa ido a kai.

Kada ku zaci gari ya zo ya ba Mantau haƙuri. Bai zo ba. A gindin tsamiyar nan ya tsufa, yana ɗinki in an kawo, yana zaune in ba a kawo ba. Shi ke nome wa marayu gonarsu, ko zangarniya ɗaya bai taɓa sawa a tukunyarsa ba. Ya rasu Audi bai kai kaciya ba. Sahun jana'izarsa bai cika ba.

Shekaru suka shuɗe, Alhaji Gambo ya kwanta ciwon ajali. Ya aika a kira masa 'ya'yan Shekarau da uwarsu. Audi ya zama magidanci a lokacin. Tsoho ya kama hannunsa ya ce, "Na biya abin da alƙali ya ce, amma har yau in na rufe ido katangar nan nake gani. Ɗana, ni na raba ka da ubanka. Ka yafe mini?"

Hawaye suka zubo wa Audi. Sannan ya ce, "Baba, na yafe." Yayyensa suka faɗa, kowace da bakinta. Tabawa ma ta faɗa.

Alhaji ya fashe da kuka ya ce, "Da Mantau ya ce mun yafe ran nan, da na tafi kabari ina zaton na fita, alhali da jini a wuyana. Shi ya ajiye mini wannan kalma har masu ita suka girma. Ni kuwa korarsa na yi."

To, jama'a, ga mu nan. Mota ta take mutum, gini ya rufta, sakacin wani ya ci rai, sai mu manya mu taru mu yi kyauta da abin da ba namu ba, mu kira shi tawakkali. Yafiya alheri ce, amma ka yafe naka. Mace mai takaba tana da baki, ku tambaye ta. In ba ku san hukunci ba, ku je wurin masana shari'a da lauyoyi, akwai masu tsaya wa talaka. Ku kuma masu ilimin, ku zama wa wani Malam Zubairu. Mai katangar da ta karkata, ya gyara tun yau. Kuma duk ranar da aka juyo gare ka a zaman makoki aka ce ka ce "mun yafe", ka fara duba cikin gida, ka ga su wa ka haɗa a cikin "mun" ɗin nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya marayunmu.