Ranar da Aka Zuba wa Teku Taki

Akwai wani mai kiwon kifi a ƙauyenmu na bakin teku, nan arewacin Norway, sunansa Oddvar. Kejin kifinsa da ke cikin ruwa shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, ba shi da komai bayan shi. Mutumin kirki ne, sai dai da zarar mai takalmi mai ƙyalli ya buɗe baki, hankalinsa ya tafi.

Bayan ƙanƙara ta narke, wani baƙo mai suna Preben ya zo daga birni. Aka taru a ɗakin taro, ya ce kamfaninsa zai zuba wa teku taki kamar yadda ake zuba wa gona. Ƙananan tsirran ruwa za su yawaita, su shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, in sun mutu su nutse da shi. Kifi kuma ya samu abinci a bagas. Shi dai jiragen ƙauyen kawai yake so a ara masa.

Oddvar ya yi zumbur ya miƙe. "To me ake jira? Ranar Asabar dugnad!"

Dugnad shi ne aikin gayyarmu, kuma a nan gara a kama ka da satar kaza da a ce ka ƙi fita gayya. Ɗakin ya yi tsit, kowa na satar kallon na kusa da shi.

Sai yayarsa Ragnfrid, mai gyaran komar masunta, ta ajiye kofinta. "Bawan Allah, ai birninku ma akwai teku. Me ya hana ku fara zubawa a ƙofar gidanku?"

Preben ya yi murmushi, ya ce ruwan nan ya fi dacewa.

"Hukuma ta sani?"

"Ana kan magana."

Oddvar ya ce, "Haba Yaya! Ke ko ruwan sha aka ba ki sai kin sansana."

"Gara in sansana, ƙanena. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Jirgina dai yana ɗaure."

Ranar Asabar duk jirage suka fita zuba takin da Preben ya kawo, ban da nata. Buhunan takin ba rubutu a jikinsu, shi kuwa Preben yana tsaye a gaɓa, hannu cikin aljihu, ko ɗaya bai taɓa ba. Kafin a gama shan kofi da cin wainar bayan aiki, motarsa ta ɓace. Ragnfrid kuwa ba wanda ya kira ta shan kofin, a kanti ma sai da aka daina amsa gaisuwarta da kyau. Abin ya yi mata ciwo, amma ta haɗiye.

Ba a daɗe ba ruwa ya yi kore shar. Oddvar ya riƙa wucewa ta ƙofarta yana ɗaga murya: "Yaya, leƙo ki ga gona!"

Kallon kitse yake wa rogo. Koren ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Tsirran sun mutu sun nutse, yadda baƙon ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, in suna ruɓewa sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Kifin da ke sake ya gudu, na keji kuwa ina zai je?

Wata safiya Oddvar ya tarar da kejinsa ya yi fari fat, kifaye sun juya ciki sama. Ya kira Preben, waya a kashe.

Aka sake kiran gayya, ta kwashe matattun kifi. Wannan karon har da Ragnfrid, ita ce ma ta riƙe wa ƙanenta igiya.

Ana cikin aiki wani tsohon masunci, Torgeir, ya goge fuska ya ce, "Wallahi tun ranar farko mutumin nan bai kwanta min ba. Na ga kowa ya yi shiru ne, na ɗauka kun gamsu."

Na kusa da shi ya ce, "Ni ma haka." Wani ya ce shi ma. Aka bi jirgi-jirgi, ban da Oddvar ba a samu mutum ɗaya da ya yarda da Preben a ransa ba.

Oddvar ya dube su, kifi a hannunsa. "Duk kun ji abin da ta ji, kuka bar ta ita kaɗai? Da mutum biyu sun goyi bayanta, da na tsaya."

Kowa ya ci gaba da kwasar kifi. Kafin sanyi ya dawo, Oddvar ya kwance kejinsa ya tafi neman aiki a jirgin wani.

Darasi: In zuciyarka ba ta kwanta da abu ba, ka faɗa, ko da kai kaɗai ne, don kunyar jama'a ba ta dawo da abin da ya lalace. Teku ba gonar gwaji ba ce, abin da aka zuba mata ba ya kwasuwa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na shirin yin shiru a inda bai kamata ba.