Takardun Naɗe Ƙosai

Akwai wani mutum mai kula da ƙaramin asibitin ikilisiya a wani ƙauye. Mutumin kirki ne, amma ba ya son ganin tarkace. Wata rana ya buɗe ɗakin ajiya, ya iske tsofaffin katunan marasa lafiya sun cika wuri, gara ta fara ci. Sai ya tattara su cikin buhu, ya ba wata gwauruwa mai suna Dinatu, wadda take soya ƙosai a bakin kasuwa, domin ta riƙa naɗe wa masu saye. Ya koma gida yana jin daɗi, a ganinsa ya share ɗaki, ya kuma taimaki gwauruwa.

Kashegari da sassafe sai ga Dinatu da buhun a kanta. Ta sauke a gabansa, ta ce, “Malam, ga kayanka. Ban naɗe ko ɗaya ba.”

Ya ce, “Lafiya, Dinatu? Takardun ba su yi ba ne?”

Ta zaro guda ta miƙa masa. Ashe ta koyi karatu a ajin Zumuntar Mata. A jikin katin akwai sunan Kyauta, mai dafa wa yaran makarantar firamare abinci, da unguwarsu, da tarin fuka da ta yi jinya a ɓoye shekara uku da suka wuce, har ta warke sarai.

Dinatu ta ce, “Malam, iyayen yaran nan a wurina suke sayen ƙosai. In wannan ya shiga hannun ɗaya daga cikinsu, wa zai tsaya ya ji cewa ta warke? Ranar za a kore ta, ga marayu huɗu tana riƙo.”

Mutumin nan ya zauna a kan benci. Kunya ta kama shi, godiya kuma ta cika zuciyarsa, gama Allah ya tare masa ɓarna tun ba ta fita ba. A ranar ya gaya wa dattawan asibitin abin da ya yi, bai rage kome ba. Suka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, suka sa mutum ɗaya ya riƙa lura da shi, katunan da ba sauran amfaninsu kuwa suka ƙone su ƙurmus.

Abin da ya fi masa wuya shi ne zuwa wurin Kyauta. Ya tafi, ya durƙusa, ya ce, “’Yar’uwa, kin ba ni amana, na yi sakaci. Ki gafarta mini.”

Ta ce, “Dinatu ta karanta?”

Ya ce, “Ta karanta.”

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, “Ashe shi ya sa. Jiya da yamma ta zo gidana, ta ce yunwa take ji. Ta sa hannu a kwanona muka ci tuwo tare, ta sha ruwa da moɗata, ta tafi ba ta ce kome ba.”

Ma’anar wannan misali ita ce: buhun nan yana cikin kowace ƙungiya. Ikilisiya tana da shi, makaranta tana da shi, haka ƙungiyar manoma. Wani nasa a takarda yake, wani a waya ko kwamfuta. Suna, da lambar waya, da ciwon mutum, ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Shi ya sa ƙasa ta kafa dokar kare bayanan mutane, kuma mai bi bai kamata ya jira a tilasta masa ba. Kada mu rubuta abin da ba mu bukata. Mu gaya wa mai shi dalilin da muke karɓa, mu nemi yardarsa kafin mu nuna wa wani. In kuwa abu ya kuɓuce, kada mu rufe, mu sanar da hukuma da mai shi da wuri.

Mutumin nan ba mugu ba ne, shara kawai ya yi. Mu gode wa Allah da ya sa buhun ya faɗa hannun Dinatu, har yau Kyauta tana kan aikinta. Amma ’yan’uwa, ku je ku duba naku ɗakin ajiya a makon nan, gama ba kowane buhu ne zai dawo ba.